Ranar da Na Kai Kututturen Dabino Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Talata ba, ranar da na tsaya a sahun gaba ina roƙon Allah a zuciyata kada liman ya sallame. Shekara talatin da ɗoriya ina salla, ban taɓa son ta yi tsawo ba sai ranar. (Allah ya yafe mini, ni mutum ne da in liman ya ja doguwar sura sai gwiwata ta fara ƙorafi.) Amma bari in faro muku daga tushe, don in na fara daga nan cewa za ku yi ƙarya nake.

Ni a unguwar Karantina aka haife ni, nan Jidda. Kakana ne ya zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Katagum, ya ga wuri ya zauna. Fasfo ɗina na Najeriya ne, kore shar, amma ƙasar ban taɓa taka ta ba. Abin da na sani nata bai wuce labarin kakata ba, sai daddawa da yaji da alhazai ke kawo mana tsaraba. Zamana a garin da aka haife ni kan iƙama yake, wato katin zama, ita kuma iƙamar a hannun kafilina take, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, Ammi Hamza, mai benen da nake gadi a Sharafiyya. Ranar da ya ce halas, wato shi ke nan, to halas ɗin ne, sai jirgi ya sauke ni a inda ko sunan unguwa ɗaya ban sani ba.

Ammi Hamza tsoho ne mai kirki, mai saurin kuka, mai saurin fushi. Za ka fasa masa gilashin mota ya yafe. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, shi ne sihiri da duk abin da ya yi kama da shi. Wanda na gada a aikin, wani bawan Allah ɗan Chadi, laya ɗaya tak aka gani a ƙarƙashin matashinsa, wadda ma uwarsa ce ta ba shi, sati bai zagayo ba ya bar ƙasar. Duk wanda ya zauna a nan ya san maganar sihiri ba ta wasa ba ce, hukuma ke shiga ciki. In kuma kai baƙar fata ne mai jin Hausa, rabin shaida ta riga ta samu tun kafin ka buɗe baki.

To, a shekarar matata Maryama ta samu cikin fari, da ya tsufa sai ta tafi Makka wajen mahaifiyarta don ta haihu a can. Aka bar ni ni kaɗai a ɗakin gadi. Ni kuwa mutum ne na gida, ba na zaman shayi, ba na zuwa bakin teku, in na share bene na wanke motoci sai in kwanta in kama waya. A nan na haɗu da wani ƙaton Bature mai riga mai furanni, yana sassaƙa fuskoki a jikin kututturen bishiya. Idanu ƙwala-ƙwala, baki har kunne, haƙora a jere kamar masara. Wai tiki sunan abin. Turanci ba na ji (aji huɗu na tsaya, shi ma da ƙyar), amma na kalli bidiyonsa ya fi sau hamsin, har na haddace yadda yake tari kafin ya fara magana.

Sai Allah ya sa a satin Ammi Hamza ya sa aka sare tsohon dabinon da ke ƙofar gida, ƙwari sun cinye shi. Aka ce in kwashe. Na kwashe ɗin, amma na haye da guntu uku saman bene na ɓoye bayan tankin ruwa. Na je kasuwar tsofaffin kaya na sayo gizago da cizal biyu da guduma.

Kada kowa ya ruɗe ku, dabino ba katako ba ne. Cikinsa zare-zare ne kamar soso, in ka sare shi ta inda ba ya so sai ya tsage har ƙasa. Baturen da zarto mai inji yake yi, ni kuwa da kunne na koya. In cizal ya shiga daidai sai ka ji tuk, tuk, a daddafe. In zai tsage sai ƙarar ta yi kaifi, to ka dakata ka juya hannu. Da gawayi ake fara zanawa, a bar hanci a tsaye don shi ne mafi tudu, a rarake gefensa, sannan a zo baki. In an gama sai a babbake da wuta kaɗan don zaren ya ƙone, a goge, a shafa mai. Na farko hancinsa ya faɗi tun rana ta biyu. Na biyu ya fito kamar wanda aka mara a gefe ɗaya. Na ukun ne ya yi. Tsawonsa kamu ɗaya da ɗan wani abu, ya ɗora hannuwa a ciki, yana dariya da haƙora goma sha shida da na zauna na fitar ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na yi alfahari da shi. Da safe in na hau duba tanki har sannu nake yi masa (wannan ma Allah ya yafe). Kuma ku yarda da ni, tsawon sati biyar ɗin nan ko sau ɗaya kalmar gunki ba ta zo mini a rai ba. Ni ado nake ce masa.

Ranar Talatar, bayan azahar, ina ƙasa ina cin shinkafa, sai kunnena ya jiyo faɗuwar kwano daga can sama. Sai takun ƙafa a guje. Sai muryar mace tana karanta Ayatul Kursiyyu tana saukowa, hawa na biyar, na huɗu, na uku, sai ƙofa ta rufu garam. Ummu Tarik ce, matar wani Bamisire da ke haya a hawa na uku, ta hau shanya ta ɗaga kwalin da nake rufe mutumin nawa da shi. Na ture kwanon shinkafar gefe. Ba a yi rabin awa ba waya ta yi ƙara. Ammi Hamza ne, muryarsa a sanyaye, wadda ta fi tsawarsa ban tsoro. Ya ce bayan la'asar yana zuwa, in bar ƙofar sama a buɗe, kuma kada in taɓa komai.

Na hau sama. Na tsaya na dubi abin, wannan karon da idon Ammi Hamza na dube shi, sai na ga gunki. Gunki sak, baƙi ƙirin saboda babbaka, yana sheƙi da mai, a ɓoye bayan tankin da duk mutanen gidan ke shan ruwansa. Ko ni ne alƙali da na ɗaure kaina.

Na yi tunanin ƙona shi, na tuna hayaƙi zai tara mini unguwa. Na yi tunanin faskara shi, na tuna Ummu Tarik ta fito ta kafa kujera a bakin ƙofarta tana gadin matakala, duk sara ɗaya za ta ji. Na leƙa ƙasa don in wurga shi, motoci ne a jere, waɗanda ni ke wanke su. Abin da ya rage shi ne in fita da shi zuwa babbar bola da ke bayan masallacin unguwa, in ya so in Ammi ya zo in ce matar nan rana ce ta buge ta. Amma ba a fita da irin wannan fuska a titin Sharafiyya tsirara, sai an rufe. Na sauko ta lif na buɗe akwatina, abin da hannuna ya fara kaiwa shi ne haramina na umara, fari tas, wanda Maryama ta adana da ƙwallayen kafur saboda asu. Na koma sama na naɗe shi. Ƙyallen ya riƙa zamewa, sai na yagi bakinsa na yi igiya uku, na ɗaure kai, na ɗaure tsakiya, na ɗaure ƙafa. Na rungumo shi da hannu biyu a ƙirji don yana da ɗan nauyi.

Akwai madubi a lif ɗin nan fa. Na kalli kaina sosai. Abin da na lura da shi kawai shi ne idanuna sun yi jawur, saboda ƙurar itace da tsoro. Duk sauran hoton ban gan shi ba.

Ina tura ƙofar gida ana kiran la'asar, ga motar Ammi Hamza tana tsayawa. Ashe ya ce gara ya zo da wuri ya yi salla a masallacinmu. Ya fito da sandarsa, fuska a ɗaure, muka yi kiciɓis. Ya dubi farin ƙyallen. Ya dubi ɗauri uku. Iska ta kai masa ƙamshin kafur. Ya dubi jajayen idanuna. Kowa a gidan ya san Maryama haihuwa yau ko gobe, shi da kansa ya ba ni hutun da zan je suna. Sai na ga fushin ya zube daga fuskarsa.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya waladi, ɗana, yaushe?”

Na ƙara rungume abin, shi kuma ya sake tambaya.

“Namiji ne ko mace?”

Na ce, “Namiji ne, Ammi.”

Har yau ban san wanda ya yi maganar nan da bakina ba. Ina ganin tsoro ne ya duba hagu ya ga jirgi, ya duba dama ya ga ƙofa a buɗe, ya faɗa ba tare da ya tambayi inda ta nufa ba.

Ammi ya jingina sandarsa a jikin mota ya miƙo hannu biyu. Na ɗan ja baya, ya ce uba ba ya ɗaukar ɗansa shi kaɗai alhali manya na raye. Ya karɓe. Ya ɗan jijjiga shi a hannu, hawaye na bin gemunsa, ya ce masha Allah, da ya rayu da ƙaƙƙarfa ne. Na ce masa takardu, Ammi, ba takardu, ina fatan maganar takarda za ta tsayar da shi, tunda a ƙasar nan ba a binne mutum sai da izini. Ya ce wannan aikinsa ne, ya san wanda zai kira, mu dai yalla, mu yi sauri kada salla ta wuce mu. Maganar saman bene kuwa ya ce in manta da ita yau, mata da tsoro.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba. A garin nan in aka ga gawa ba a tambayar ta wa ce, bi ake yi, kowa na neman lada ko da taku kaɗan ne. Mai kanti ɗan Yaman ya ja ƙofarsa ya biyo mu. Wanzami ɗan Pakistan ya bar mutum da rabin kai ya fito, shi ma mai rabin kan ya biyo. Kowa na miƙa hannu a ba shi ya ɗauka, Ammi ya hana, ya ƙanƙame. Ni ina gefensa ana ta dafa mini kafaɗa ana ba ni haƙuri. Kunnen nan nawa da ba ya barin komai ya wuce yana ta kwaso raɗa daga baya. Wani ya ce a hanyar Makka ta haihu a mota. Wani ya ce ai tagwaye ne, ɗaya ya rayu. Kafin mu kai kwana har an ce uwar ma tana asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Na shiga cewa a raina ya Allah kada bakin mutanen nan ya kama Maryama, ya Allah itace ne, kai ka san itace ne.

Da muka iso masallaci na hango bolar. Tana nan a bayan katanga, murfinta a buɗe, ba ta fi taku goma ba.

Masallacin namu ƙarami ne, in sallar gawa ta kama a waje ake yi, ƙarƙashin rumfa. Ammi ya kwantar da abin a kan benci a hankali, ya cire jan mayafin kansa ya lulluɓa masa. Sai ga Baba Idrisa ya fito, ladanin masallacin, Bahaushe ne haihuwar Jidda, abokin mahaifina marigayi Musa, shi ne kuma mai wankan gawa na unguwar. Ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyya da Hausa, sannan ya tambaye ni ko yaron ya yi kuka da aka haife shi. Nan na ga haske. Mu a wajen iyayenmu, jaririn da bai yi kuka ba ba a yi masa salla, naɗewa ake yi a kai shi. Na ce da sauri bai yi ba, Baba, ko uffan bai ce ba. (Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa tun da na fito daga gida.) Baba ya juya ya gaya wa liman da Larabci. Liman, wani saurayi mai sanyin murya, ya ce su a nan in ciki ya wuce wata huɗu ana yi masa salla, ya yi kuka ko bai yi ba, a tada la'asar tukuna. Hasken ya mutu.

Aka tura ni sahun gaba, kusa da Ammi, wai ni ne mai rashi. Raka'a huɗun nan ban san abin da na karanta ba. A ta farko na ga kaina a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, ina tambayar mutane hanyar Katagum da Hausar Karantina suna dariya. A ta biyu na ga na yi shiru, mutum arba'in sun ɗaga hannu sun yi kabbara a kan kututturen dabino mai haƙori goma sha shida, duk zunubin a wuyana. A ta uku na ga an kai maƙabarta, ma'aikaci ya buɗe fuska, 'yan sanda sun zo, an haɗa mini sihiri da ƙaryar mutuwa. A ta huɗu ba na ganin komai, gumi ne kawai ke shiga mini ido. Ammi yana jin ina rawa, da muka zauna tahiya ya ɗan matso da kafaɗarsa ya tokare ni don kada in faɗi.

Liman ya sallame.

Aka fito aka fara jera sahu a ƙarƙashin rumfa. Baba Idrisa ya sunkuya don ya gyara kwanciyar mamaci ya fuskantar da shi alƙibla. Na ga hannunsa ya shiga ƙarƙashin mayafin Ammi, ya tsaya. Ya shafa sama. Ya shafa ƙasa. Ya daɗe a wajen baki. Sannan ya ɗago a hankali ya yafito ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, yadda ba wanda zai ji sai ni.

“Ɗan Musa, gawar da na wanke a unguwar nan ba ta ƙirguwa. Ban taɓa jin jariri da haƙori cike da baki ba.”

“Baba, ka rufa mini asiri.”

“Asirinka zan rufa in bar Musulmi su yi wa itace kabbara huɗu? Ga liman can yana gyara tsayuwa. Ko ka faɗa da bakinka ko in faɗa da nawa, kuma ka san nawa ya saba da lasifika.”

Na juya na fuskanci jama'a. Na ce da Larabci, muryata kamar ta akuya, jama'a ku dakata, wannan ba yaro ba ne, itace ne. Ba wanda ya motsa. Ammi Hamza ya kamo hannuna ya ce haƙuri ya waladi, haƙuri, ya juya ya gaya wa liman baƙin ciki ne ya taɓa mini kai, a yi sauri. Wato ko gaskiyar ma sai da na yi mata aiki. Na durƙusa gaban benci na ɗage mayafin Ammi, na kwance ɗaurin ƙafa, na kwance na tsakiya, na kai ya cije sai da na sa haƙori. Na yaye haramin.

Mutumin nawa ya fito yana yi wa sahu biyu na masallata dariya.

Shirun da aka yi, har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta gidan da ke tsallaken titi ina ji. Sahun gaba ya ja baya ya taka na biyu. Wanzami ya kama karatu. Daga can baya wani ya ce sihiri, a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar, wani ya amsa ya ce ku dubi ƙulli uku da ya kwance, ai da ƙulli ake yi. Sai na jiyo abin da na fi tsoro, ƙarar yatsa a kan waya, lamba gajera irin ta 'yan sanda.

Na zube. Na ce wallahi ado ne, a waya na koya, ga shi ku gani. Na ciro wayar na danna bidiyon, na manta sautin a ƙure yake. Sai ga kiɗan garaya irin na mutanen tsibiri ya cika ƙofar masallaci, ga ƙaton Bature da rigar furanni yana tari yana ɗaga mana hannu. Na rasa maɓallin kashewa. Baba Idrisa ne ya fizge wayar ya cusa ta cikin aljihunsa, ta ci gaba da kiɗa daga can.

Liman ya ɗaga hannu ya ce wa mai waya ya dakata tukuna. Ya tsuguna ya dubi abin ta ko'ina bai taɓa ba. Ya tambaye ni ko ina roƙonsa wani abu, na ce a'uzu billahi. Ya ce ko ina ba shi wani abu. Na ce mai kawai nake shafa masa ranar Juma'a. Na ji jama'a sun ja numfashi, na yi sauri na ce don kada ya tsage ne, Juma'ar kuma ita ce ranar hutuna. Baba Idrisa ya sa baki ya ce ya san ubana ya san kakana, gidanmu ba boka, wauta ce dai ake gado. Liman ya ce magana ɗaya ce, a fasa shi a gaban kowa, in an samu gashi ko rubutu ko allura a ciki to magana ta wuce hannunsa. Wani mahauci ya kawo gatarinsa, aka miƙo mini, wai ni na yi ni zan rushe. Na sara. (Zan faɗi gaskiya tunda yau ranar tonon asiri ce: da hancin nan ya fita sai da na ji wani abu a ƙirjina, kwana huɗu na yi a kansa.) Na raba shi biyu, na raba huɗu. Ba komai a ciki sai zare da wani jan ƙwaro guda ɗaya da ya fito yana mamakin taron. Liman ya yi mini nasiha gajera kan sassaƙa abu mai siffar rai, ya ce in hannuna na ƙaiƙayi ga ƙofofi ga kujeru. Ina lura da shi yana magana yana cizon leɓe. Daga baya aka fara dariya, ta faro daga mai rabin kai, ta bi sahu har ta iso gaba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, kuma shi ne wanda iƙamata ke aljihunsa. Ammi Hamza ya ɗauki mayafinsa da yatsa biyu, bai mayar kansa ba. Ya ce in biyo shi. Muka koma gida a ƙasa, yana gaba ina baya, hanyar da ɗazu muka bi yana kuka. Ya buɗe mota ya ce in shiga, ya rufe gilashi, bai tada ba. Na ce a raina shi ke nan, daga nan sai ofishin 'yan sanda, ko sallama ba zan yi da Maryama ba. Ya dubi sitiyari ya ce:

“In na kai ka, za su rubuta komai.”

“Haka ne, Ammi.”

“Za su tambaya wa ya ɗauko shi daga ƙofar gida zuwa masallaci.”

Na kau da kai. Ya juyo ya dube ni, sai na ce, “Kai ne, Ammi.”

“Wa ya lulluɓe shi da mayafinsa?”

“Kai ne, Ammi.”

“Wa ya yi kuka?”

A nan Allah ya dawo mini da hankalin da ya ɗauke tun azahar. Na ce, “Ba wanda ya yi kuka, Ammi.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi yana da surukai a garin nan, yana da jikoki, ba zai tsaya gaban ɗan sanda ƙaramin yaro yana bayanin yadda ya yaba wa gunki ƙarfi ba. Ya ce in hau in sauko da sauran biyun da kayan aikin, in zubar yana gani, kuma in ya sake jin ko fensir na feƙe a gidansa, ranar zan san hanyar filin jirgi. Da lokacin sabunta iƙama ya yi ya sabunta, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Saura Maryama. Labari ya riga ni isa Makka tun muna raka'a ta biyu. Tana zaune da cikinta a gaba tana cin gyaɗa, mata suka fara kira suna yi mata ta'aziyyar ɗan da ke shurinta a lokacin. Abin da ta gaya mini a waya ranar ba zan rubuta shi a nan ba, akwai masu karatu da alwala. Bayan kwana tara ta sauka lafiya, mace, muka sa mata Hauwa. Na ɗauka daga ranar za a riƙa kirana Abu Hauwa kamar yadda ake yi wa kowane uba a garin nan. Ina! Daga mai kanti har liman, Abu Hashaba suke ce mini, wato uban itace, wai shi ne ɗan fari.

Abin da na koya, na farko dai kada ka kwaikwayi mutumin da ba ka jin yarensa, don ba ka san me yake cewa yana sassaƙawa ba. Na biyu kuma, wanda ya fi amfani, in za ka fita da abin kunyarka a garin Jidda, kada ka naɗe shi da farin ƙyalle. Ka sa shi a baƙar leda kamar kowane mai laifi, ba wanda zai rufe kantinsa ya raka ka.